Yadda Na Siffanta wa Baba Jan-Goshi

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya ara mini kwana har na ga jikokina sun kawo ƙarfi. Ni ce Dije 'yar Jibo Mai Siffa, haifaffiyar Birnin Kudu, wadda aure ya kawo Gwaram tun da ƙuruciya. Ni ba na rubutu, faɗa nake ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun kada ya gyara mini magana, don na san halin malamai. Abin da ya sa na tsaya a kan shekara guda ɗin nan shi ne wata magana da ke yawo a gidan nan, wadda ake rage murya in na shigo. Wai kakarku ta bar ubanku yana yaye ta tafi bin gizo-gizo a duwatsu, wai kuma ubanta taɓuwa ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Ta farkon gaskiya ce, na bar shi, na kuma bi gizo-gizo. Ta biyun ƙarya ce, kuma ba zan kwanta dama in bar ta tana yawo a bayana ba.

Sai kun san sana'ar Baba kafin ku gane sauran. A kara, inda ake cinikin shanu a gefen kasuwarmu, ba a rasa dabbar da ta ɓace ko wadda aka tsinta. In mutum biyu suka yi jayayya a kan saniya guda, kafin a kai su gaban alƙali wurin Baba ake kawo su. Sai ya sa a ɓoye saniyar a bayan zana, ya zaunar da kowannensu shi kaɗai, ya ce masa, "Siffanta." Yana da tsarin da ba ya sakewa. Daga fuska ake farawa, sai ƙaho, sai kunne, sai tozo da gadon baya, sai ƙafafu, sai wutsiya. Bayan nan sai tafiyarta, sai halinta, sai inda take kwana. Yakan ce ɓarawo ma ya iya faɗin launi, amma mai saniya ne kaɗai ya san gefen da take kwanciya a kai. In mutum ya gama, Baba ya zaga bayan zana ya duba da idonsa, ya fito ya faɗi mai ita, magana ta ƙare. Abin nasa kuwa bai tsaya kan shanu ba. Tsuntsu ne, ƙwaro ne, ciyawa ce, duk ya bi su ya sani, har yana bugun ƙirji cewa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram babu mai rai da bai san sunansa ba. Mu 'ya'yansa mun sha wahalar wannan hali. In ka kuskura ka ce ka ga tsuntsu a hanyar rafi, tuwonka zai huce kana siffantawa.

Idonsa a hankali ya dushe, ba dare ɗaya ba. Ya yi ta ɓoyewa yana matsawa kusa da dabba, har ranar da ya zaga bayan zana ya tsaya ya kasa rabe baƙa da ja. Bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya fito ya ce da jama'a su nemi wani, ya koma gida, ya shiga ɗakinsa ya juya fuska bango. Innarmu ta riga ta rasu. Gidan daga shi sai wana, Yaya Sale, da iyalinsa, sai Goggo Abu, yayar Baba, wadda ta dawo gida da tsufa.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba Yaya Sale ya iso Gwaram cikin ayari. Ku yaran yanzu ku sani, a shekarun nan hanya ba ta biyuwa sai da ayari, saboda mahara, don haka in ka ga ɗan'uwanka a ƙofa da damina ka san ba lafiya ba. Bai ko sha ruwa ba ya ce:

"Dije, ki zo ku gana da Baba."

Na ce, "Wane irin ciwo ne?"

Ya ce, "Ba ciwo ba ne. Ci ya daina."

Kakanku, maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce in tafi, amma in dawo kafin noman farko, don hannu ya yi masa kaɗan a gona da gida. Na goya ubanku Habu, wanda lokacin yake dab da yaye, bakinsa ya fara kama 'yan kalmomi, muka bi ayari.

Abin da na tarar ba na son tuna shi. Mutumin da muryarsa ke cika kara ya zama ƙashi da fata a kan tabarma, ƙoƙon fura a gefensa ta yi tsami har ta tsage. Goggo Abu ta toshe ƙofa da asabari ta cika ɗakin da hayaƙin magani. An yi rubutu an yi addu'a, yana karɓar rubutun ya kurɓa don girman sunan Allah, amma abinci sai ya kau da kai. Na gaishe shi, ya ɗaga yatsu kawai. Na ɗora masa Habu a ƙirji, ya shafa kansa ya janye hannu. Na lallasa, na yi kuka, na yi faɗa, don ni bakina ba ya jimre shiru. Na ce masa makafi nawa ne a garin nan suke tuƙa igiya suna hira a inuwa? Ko tari bai yi ba. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga mutum ne ya gama shawara da kansa, jira kawai yake.

Wata safiya na gaji da hayaƙin nan, na naɗe asabarin duk da mitar Goggo, na zauna a bakin ƙofarsa ina karya kiraren da Yaya Sale ya ɗebo daga gindin duwatsun bayan gari. Ina cikin karyawa sai wani ɗan abu ya faɗo mini a bayan hannu. Na ɗaga hannun zan kaɗe shi, sai ya juyo gaba ɗaya ya ɗaga kai ya zuba mini ido. Na karkata kai, shi ma ya karkata. Ba da kowa nake ba na ce:

"Kai kuma wane ne kake kallona haka?"

Daga cikin ɗaki na ji wata murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa.

"Wa ke kallonki?"

Allah ya ba ni dabarar kada in nuna mamaki. Na ce, "Wani gizo-gizo ne."

"Gizo-gizo ba ya kallon mutum."

"Wannan dai yana kallona."

Can ya ce, "Siffanta."

Na rikice. Na ce ƙarami ne, yana da kyau, yana ƙyalli, ga ja ga fari, ga ƙafafu. Kafin in ƙara wani abu ɗan banzan ya daka tsalle ya ɓace cikin kirare. Baba ya ja tsaki, tsakin da na sani tun ina yarinya, wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Ya ce, "Yana da kyau. Wannan ita ce siffar da na koya miki? Aure ya cinye miki kai. Daga ina ake farawa?"

Na ce, "Daga fuska."

"To me kika gani a fuskar?"

"Ka bari in sake samo shi. Amma muryarka ba ta fita, Baba, ban ji rabin faɗan ba. Ka jiƙa maƙogwaro tukuna."

Na miƙa masa kunun da na dama wa Habu. Ya kurɓa sau biyu don ya samu ƙarfin ƙarasa zagina, ya ƙarasa kuwa. Na fita bayan ɗaki na toshe baki da zane na yi kukana.

Na watsa kiraren nan kaf ban gan shi ba. Washegari na kama wani a jikin bango, toka-toka, shi ma mai tsalle, na siffanta shi a tsanake. Ban kai ƙafafu ba Baba ya tare ni, ya ce wannan na bango ne mai kama ƙuda, kowane gida akwai shi, in shi na gani jiya to na tashe shi a banza. Na rantse ba shi ba ne. Goggo Abu ta sa baki daga tsakar gida cewa ɗan tautau ne, in kashe shi kafin ya taɓa yaron nan jikinsa ya yi ƙuraje. Baba ya ɗaga murya, karo na farko, ya ce tautau shimfiɗaɗɗe ne mai dogayen ƙafafu, kuma bai taɓa tsalle ba tun da aka halicce shi, ta bar maganar da ba ta sani ba. Suka yi ta yi kamar yara. Sannan ya ce da ni abin da ya zo cikin kirare, inda aka ɗebo kiraren za a neme shi.

Haka na fara zuwa duwatsu. Kun san wurin ko da labari, manyan duwatsun nan masu rumfa, inda mutanen farko suka zana shanu masu dogayen ƙaho a jikin dutse, inda 'yan mata ke zuwa su buga dutse mai ƙara in za a yi biki. Nakan tafi da hantsi, in rana ta fara dumama dutsen, Habu a bayana. Zuwan farko da na biyu ban ga komai ba. Sai na koyi zama shiru in bar idona ya huta a wuri guda, sai ga su, a gefen da rana ke fara bugawa, kusa da tsagar da ƙananan ciyayi ke fitowa. Na kwanta rub da ciki kamar ƙadangare na ƙare wa guda kallo, na dawo gida na zauna a bakin ƙofa na fara daga fuska.

Na ce girmansa bai kai ƙwayar wake ba. A fuskarsa akwai idanu biyu manya, baƙaƙe wuluk, a jere suna kallon gaba, da wasu biyu ƙanana a gefensu, in kuma rana ta buge shi daidai za ka ga wasu 'yan ɗigo a saman kai. A bisa idanun akwai layi ja, jan ƙasar da ake shafe ɗaki da ita, ya ratsa goshin daga gefe zuwa gefe. Ƙarƙashin idanun farin gashi ne kamar gemun tsoho. Ba shi da ƙaho, ba shi da kunnen da ido zai gani. Gadon bayansa baƙi ne mai sheƙi irin na rigar da ta sha shuni da bugu, da farin layi siriri har ƙarshen ciki. Ƙafafu takwas, gajeru, na gaba biyun sun fi kauri, da tuntun farin gashi a gwiwa.

Baba ya ce, "Sake faɗin goshin."

Na sake.

Ya ce, "Babu wannan."

Na ce, "Akwai shi, tun da yanzu na baro shi."

"Na ce babu shi a cikin abin da na sani." Sannan ya ce, "Ina furar?"

Daga ranar muka yi ciniki ba tare da mun faɗa ba. In na dawo da sabon abu, sai ya ci. Na kawo masa tafiyarsa, cewa ba ya gudu kamar sauran, taku kaɗan ne sai ya tsaya ya waiga, in ya hangi ƙuda sai ya laɓaɓa kamar kyanwa ya dira a kansa daga nesa. Ya tambaye ni saƙarsa, na ce ba ya saƙa, ba shi da zare ko kaɗan. Wata rana na zo da labarin cewa akwai wani iri na biyu a dutsen, ruwan ƙasa, mai ƙiba, ba ja ba sheƙi. Ya ce in sun haɗu me suke yi? Na ce mai jan goshin sai ya ɗaga ƙafafunsa na gaba sama yana kaɗa tuntayen, yana tafiya a karkace, dama da hagu, ɗayan kuwa ya tsaya yana kallo, wani lokaci ya juya baya ya yi tafiyarsa. Sai na ji wani sauti daga tabarma, na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce.

Ya ce, "Dije, anya kin yi aure kuwa? Iri ɗaya ne. Namiji ne da mace."

A daidai wannan lokacin noman farko ya zo. Na gwada in ɗora Yaya Sale a kan aikin. Ya je dutsen ya dawo ya ce, "Na gan shi, Baba, ƙwaro ne dai." Ranar Baba bai ci komai ba, ya koma ya fuskanci bango. Ba na ganin laifin Yaya Sale, mutum ne da gona ke jira, ga bakuna a gida. Amma na gane cewa abin da ke riƙe da Baba siriri ne ƙwarai, kuma a hannuna yake. Ayari ya tashi zuwa Gwaram, na aika da gaisuwa, ban bi ba.

Da ayarin ya dawo, sai ga kakanku a ciki. Ya shiga ya gaida Baba, ya ga yadda yake, ya fito muka tsaya a zaure. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "'Yan'uwana sun ce kin yi yaji ne ba ki faɗa ba."

Na ce, "Ka san ba haka ba ne. In na tafi yanzu, kafin gero ya yi bununi za a aiko mana da rasuwa."

"Sai yaushe?"

"Sai Baba ya fita ƙofar gidan nan da ƙafarsa."

Ya ce, "Na ba ki har kaka. Amma yaron nan ya isa yaye, kuma ba na son ana yawo da shi a duwatsun nan. Zan tafi da shi, Hanne ta yaye shi."

Hanne ƙanwarsa ce, tana zaune a gidanmu lokacin, ba ta taɓa haihuwa ba. Gaskiya yake da ita, ɗansa ne, kuma bai roƙi abin da ya wuce al'ada ba. Baba ya jiyo mu, ya ƙwala mini kira ya ce in tattara in bi mijina, shi ba ya son a kashe aure a kan gawa. Na ce da shi gawa ba ta faɗa, ya yi shiru ya bar ni in ji da abin da ke gabana. Na kwance goyon da hannuna na miƙa. Habu bai yi kuka ba, ya zaci wasa ne, yana ta jan gemun ubansa. Ni ce na kwana biyu nono na zuba ina matsewa a bayan ɗaki. Kada wanda ya ce muku ban ji zafi ba. Na ji, har yau in na tuna ina ji.

Bayan tafiyarsu na daina lallashi. Na kamo mai jan goshi guda a ƙoƙo na rufe da faifai na kawo wa Baba, na ce ga shi, ya yanke siffa ya ba shi suna mu huta. Ya ce abin da ke cikin ƙoƙo ba shi da tafiya ba shi da hali, in mayar da shi inda na ɗauko. Ya ce kuma siffata ba ta cika ba, don ban faɗi inda yake kwana ba, shi kuwa bai taɓa yanke siffa a kan dabbar da bai je kanta ba.

Na ce, "To sai ka je."

Ya ce, "In je in ga me?"

"Ni ina ruwana da abin da za ka gani? Dokarka ce, ba tawa ba. Na ba da ɗana saboda ita."

Ban so na faɗi ta ƙarshen ba, amma ta fita, kuma ita ta yi aiki. Ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Na ce ƙafar da ba ta ci tuwo ba da ma ina za ta kai mutum? Ya fara cin tuwo. Ya fara zagaya tsakar gida yana dafa kafaɗata. Gero ya fara fitar da kai ranar da ya ce a ba shi rigarsa da hularsa.

Muka fita da hantsi, sandarsa a hannun dama, hagunsa a kafaɗata, ɗan goran fura a hannuna. Mutane suna ta tsayawa suna gaishe shi, yana amsawa da sunan kowa daga murya. Mun huta a hanya ba adadi. Da muka isa na zaunar da shi a gefen da rana ke bugawa, ya shafa dutsen ya ce nan ne ƙarƙashin zanen jar saniyar nan mai ƙaho a baje, na ce nan ne. Na samo guda, na lallaɓa shi da tsinken ciyawa har ya hau bayan hannun Baba. Abin ya taka a hankali cikin gashin hannunsa, ya hau yatsa, ya tsaya ya ɗaga kai.

Baba ya ce da raɗa, "Me yake yi?"

Na ce, "Kallonka yake."

Sai wani ɗan ƙuda ya gifta, gizo-gizon ya daka tsalle, na neme shi na rasa. Na shiga dube-dube a kan dutse ina cewa ya tafi, bari in samo wani.

Baba ya ce, "Bai tafi ba."

"Ya tafi mana, ina kallo ya yi tsalle."

"Kin ce ba shi da zare."

"Ba shi da shi."

"To me ke jan gashin yatsana? Duba ƙasa da hannuna."

Ya ɗaga hannun a hankali wajen rana. Na sunkuya na karkata kai, sai ga wani zare da ya fi gashin jariri siranta yana walƙiya, ga mutumin a ƙarshensa yana reto. Ya kuskure ƙudan, amma bai faɗi ba. Ina kallo ya naɗe zarensa ya hau ya koma kan yatsan. Na yi damina guda ina kwance a kan dutsen nan da idanuna biyu lafiyayyu ban ga wannan ba.

Baba ya ce, "Kafin ya yi tsalle sai ya kafa turke ya ɗaura igiya. Mai zare kuwa ba ya kwana a fili. Duba cikin tsaga."

Na leƙa tsagar dutsen, sai ga 'yan fararen jakunkuna kamar an cusa ɗan auduga, na taɓa guda da tsinke, macen ta leƙo. Na gaya masa. Sai ya gyara zama, ya miƙe wuya, ya karanto siffar tun daga fuska har makwanci da muryarsa ta kara, kamar jama'a na tsaye a gabansa, nawa da nasa duk a haɗe, bai tsallake ko tuntun gwiwa ba. Ya ce shi Jibo bai san wannan ba, ubansa bai gaya masa shi ba, bai kuma taɓa jin wanda ya ambace shi ba, don haka daga yau sunansa jan-goshi. Ya shafa fatiha. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi goran ya shanye furar tas, ya ce in mun tashi in biya da shi ta kara.

Masu itace ne suka gan mu a ranar, da sauran ranakun da muka koma. Tsoho makaho a gindin dutsen da ake cewa na iskoki ne, ya miƙa hannu yana magana da abin da ba su gani. Suka kai gari, Goggo Abu ta ƙara gishiri don ita ma ta tsorata, fatake suka ɗauko zancen suka kawo Gwaram. Asalin taɓuwar ke nan, babu wani. Mutumin da aka ce ya taɓu, kafin a yi girbi ya koma kara. Yakan saurari masu jayayya kamar da, sannan ya zaga bayan zana ya bi saniyar da tafin hannu, Yaya Sale na gefensa yana faɗa masa launi kawai. Tsohon tabo a ƙarƙashin gashi, tsagar kunne da ta haɗe, kofaton da ya karkace, abin da masu ido ke tsallakewa shi yake fara samu. Ya rayu har ya ga Habu ya isa kiwo, har aka kai masa shi ya yi rani guda a wurinsa.

Ni kuwa na dawo Gwaram da kaka kamar yadda aka yi alkawari. Kakanku ya tare ni kamar jiya na fita, bai taɓa goranta mini ba har ya koma ga Allah, kuma ina roƙon Allah ya saka masa. Na shiga tsakar gida na durƙusa na buɗe hannu. Habu ya dube ni, ya ruga ya ɓuya a bayan zanen Hanne yana cewa, "Inna, wace ce?" Bakinsa ya buɗe sarai, ba a gabana ba. Ya ji ana ce mini Dije, shi ma ya kama. Ba ɗan fari ba ne balle a ce kunya ce, ta farin mace ce, ba ta rayu ba. Hanne ta so ta gyara, na hana ta. Ita ta yi raino, ita ta kwana da kukan yaye, ta riƙe shi da amana, ban ga dalilin ƙwace mata suna ba. Ita ma ina gode mata. Shi ya sa kuka tashi kuna jin ubanku na kiran uwarsa da sunanta, kuna zaton wani abin kunya ne aka binne. Babu abin kunya. An ba ni zaɓi tsakanin bakin ɗana da ran ubana, na zaɓa, kuma da za a mayar da ni zauren nan abin da zan sake yi ke nan.

Yanzu ga shi nawa idon ya bi na Baba. Ina rabe rana da inuwa, ina gane ku da tafiya. Ban juya fuska bango ba, amma ba zan ɓoye muku ba, daminar bara na fara jin abinci ba ya mini daɗi, na fara mayar da ƙoƙo da saura. Ban gaya wa kowa ba. Wata rana da hantsi ubanku ya dawo daga gona tun lokacin tashi bai yi ba, da furfurarsa da komai, ya zauna a bakin ƙofata yana haki. Tun ranar da Baba ya rasu ni da shi ba mu taɓa ta da zancen nan ba.

Ya ce, "Dije, na ga mutuminki a dutsen bayan gonarmu. Ashe har nan yana zuwa."

Na ce, "Kai dai ka ga na bango."

Ya ce, "Ba na bango ba ne."

Na ce, "Siffanta."

Ya tura mini ƙoƙon furar da na ture tun safe har ya taɓa gwiwata, ya jira sai da na ɗauka. Sannan ya gyara murya, ya fara daga fuska.